Finafinan tarihin masu binciken magani: daga Pasteur zuwa Jamot na Kamaru

Finafinan tarihin masu binciken magani rukuni ne na finafinai da ke ba da labarin likitoci da masana kimiyya waɗanda suka gano musabbabin wata cuta, ko maganinta, ko rigakafinta. Sun yi tashe ne daga 1935 zuwa farkon shekarun 1950, musamman a Amurka da Faransa da Jamus, lokacin da fim mai magana yake sabon shiga, kuma kusan dukkansu hoton baƙi da fari ne.

Sunayen da ke cikinsu ba baƙi ba ne a Arewacin Kamaru. Duk wanda likita ya taɓa turawa gwaji a Centre Pasteur na Garwa, ko ya kai majinyaci asibitin Jamot da ke Yawunde, ya riga ya ci karo da biyu daga ciki. Finafinan suna koyar da tarihin magani cikin sauƙi, sai dai suna da ɗabi'a guda: sukan ɗora nasarar aikin jama'a a kan mutum ɗaya, su bar mataimakansa da majinyatan da aka yi gwaji a jikinsu a bayan fage. Wannan bayani ya jero fitattun finafinan, da abin da kowanne ya faɗa daidai, da abin da ya tsallake.

Siffar da suka yi tarayya a kanta

Labarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ana nuna mai bincike yana da wani ra'ayi da manyan likitocin zamaninsa suka ƙi yarda da shi. Ana yi masa ba'a, kuɗin aiki ya yanke, iyalinsa su sha wahala. Daga nan sai a zo babban gwaji a gaban jama'a, gaskiyarsa ta bayyana, a ƙare da taron karramawa yana tsoho.

Abin da ya share wa salon hanya shi ne littafin Microbe Hunters na Paul de Kruif, wanda ya fito a Amurka a 1926, ya mayar da masu farautar ƙwayoyin cuta jarumai a idon masu karatu. Kamfanonin fim suka lura cewa ɗakin gwaje-gwaje ma zai iya jan 'yan kallo kamar fagen yaƙi.

Louis Pasteur

Faransawa ne suka fara. A 1935 Sacha Guitry ya fitar da fim mai suna Pasteur, ya kuma fito a matsayin Pasteur ɗin da kansa. Amma wanda ya zaga duniya shi ne na kamfanin Warner na Amurka, The Story of Louis Pasteur, wanda masu jin Faransanci suka sani da La Vie de Louis Pasteur. William Dieterle ne ya ba da umarni, ya fito a 1936, ya ci kyautar Oscar uku, har da ta gwarzon jarumi da aka bai wa Paul Muni.

Pasteur, wanda ya rayu daga 1822 zuwa 1895, masanin sinadarai ne, ba likita ba. Fim ɗin ya ginu a kan abubuwa uku: kiran da ya yi wa likitoci su wanke hannu su tafasa kayan aiki don mata su daina mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa, da rigakafin ciwon saifa na dabbobi, da rigakafin haukan kare.

Gwajin ciwon saifa ya faru da gaske. A watan Mayun 1881, a ƙauyen Pouilly-le-Fort, aka raba tumaki kusan 50 gida biyu, aka yi wa rabi rigakafi, sannan aka sa wa dukkansu cutar. Ranar 2 ga Yuni jama'a suka taru suka tarar da waɗanda ba a yi wa allura ba sun mutu ko suna gargara, na ɗaya ɓangaren kuwa suna tsaye. Makiyayan Mayo-Danay da na Binuwai sun san amfanin wannan aiki, domin har yau ana yi wa shanu rigakafin saifa, kuma cibiyar LANAVET da aka kafa a 1983 a Boklé, kusa da Garwa, aikinta ke nan na haɗa alluran rigakafin dabbobi.

Labarin yaron nan Joseph Meister shi ma gaskiya ne. Yana da shekara 9 mahaukacin kare ya cije shi, aka fara yi masa allurai ranar 6 ga Yulin 1885, ya kuma rayu. Da yake Pasteur ba shi da izinin aikin likita, Dakta Jacques-Joseph Grancher ne ya riƙa yin allurar.

Akwai kuma ƙari da ragi. Babban abokin hamayyar Pasteur a fim ɗin, Dakta Charbonnet, ƙirƙirarsa aka yi. An nuna sarki Napoleon na Uku yana taka masa birki, alhali a zahiri sarkin ya ƙarfafa masa gwiwa a binciken da ya yi kan lalacewar ruwan inabi. Batun wanke hannu kuwa, likitan Hangari Ignaz Semmelweis ne ya fara tabbatar da shi a asibitin haihuwa na Biyana tun 1847. Haka nan masanin tarihi Gerald Geison, da ya bi littattafan aikin Pasteur, ya nuna a 1995 cewa allurar da aka yi amfani da ita a Pouilly-le-Fort an haɗa ta ne ta hanyar da mataimakansa Charles Chamberland da Émile Roux suka gyara, ba ta hanyar da shi ya bari jama'a suka ɗauka ba.

Paul Ehrlich da Robert Koch

A 1940 Dieterle ya sake fitar da wani, Dr. Ehrlich's Magic Bullet, a Faransanci La Balle magique du docteur Ehrlich, inda Edward G. Robinson ya fito a matsayin Bajamushen likita Paul Ehrlich. Tunanin Ehrlich shi ne a samo sinadarin da zai shiga jiki ya nemi ƙwayar cuta ya kashe ta, ba tare da ya taɓa mai jikin ba, kamar harsashin da ya san inda aka aike shi. Fim ɗin ya bi aikinsa kan maganin mashaƙo tare da Emil von Behring, har zuwa magani mai lamba 606, wato Salvarsan, wanda ya shiga kasuwa a 1910 a matsayin maganin tunjere na farko mai aiki sosai. Ambaton sunan wannan cuta a fim abin kunya ne a Amurka ta wancan lokaci, sai da kamfanin ya kai ruwa rana da masu tace finafinai. A tarihi, Alfred Bertheim ne ya haɗa sinadarin a ɗakin gwajin Ehrlich, ɗan Japan Sahachiro Hata kuma ya gano a 1909 cewa yana warkar da zomayen da aka sa wa cutar.

Fim ɗin yana da fuskar siyasa. Ehrlich Bayahude ne, kuma gwamnatin Nazi ta goge sunansa daga titunan Jamus, don haka ɗaukaka shi a 1940 martani ne. Su ma 'yan Nazi suna da nasu jarumin. A 1939 Hans Steinhoff ya fitar da fim a kan Robert Koch, tare da Emil Jannings. Koch ne ya sanar da gano ƙwayar tarin fuka ranar 24 ga Maris 1882, abin da ya sa ake bikin ranar yaƙi da cutar ta duniya a wannan rana, ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1905. Fim ɗin ya zana shi a matsayin jagora ɗaya tilo da ke fafatawa da tsofaffin masana irin su Rudolf Virchow, siffar da ta yi daidai da farfagandar gwamnatin.

Wani babi na rayuwar Koch ya fi shafar Afirka. A 1906 da 1907 ya yi aiki a tsibiran Sese da ke tafkin Biktoriya, inda ya gwada wani magani mai sinadarin arsenik da ake kira atoxyl a kan masu ciwon barci. Maganin yana rage ƙwayar cutar a jini, amma da aka ƙara yawansa wasu majinyatan sun makance. Binciken wannan atoxyl ɗin ne ya kai Ehrlich ga 606, kuma shi ne maganin da daga baya aka yi ta yi wa mutane allurarsa a Kamaru.

A 1943 Jamus ta fitar da Germanin, labarin ƙirƙira da aka gina a kan maganin ciwon barci na kamfanin Bayer mai lamba 205. Manufarsa a fili take: nuna cewa Jamus ta cancanci a mayar mata da ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Kamaru na cikinsu, domin tana hannun Jamus daga 1884 zuwa 1916.

Sauran fitattu

Docteur Laennec, na Maurice Cloche, 1949. Pierre Blanchar ya fito a matsayin René Laennec, likitan da ya ƙirƙiro abin sauraron ƙirji a asibitin Necker na Paris a 1816. Ya fara ne da naɗa takarda kamar bututu, daga baya ya sassaƙa na katako. Tarin fukan da ya ƙare rayuwarsa yana nazari shi ya kashe shi a 1826, yana da shekara 45.

Madame Curie, na Mervyn LeRoy, 1943, tare da Greer Garson da Walter Pidgeon. An ɗauko shi daga littafin da 'yarta Ève Curie ta rubuta. Marie Curie ba likita ba ce, amma sinadarin radiyom da ita da mijinta Pierre suka gano a 1898 ya buɗe hanyar gashin cutar daji. Ta ci kyautar Nobel sau biyu, a 1903 da 1911. Shi ne kusan fim ɗaya tilo a cikin manyan na zamanin da mace ce mai binciken.

Yellow Jack, 1938, a kan aikin Walter Reed da ayarinsa na sojan Amurka a Kyuba a 1900, waɗanda suka tabbatar da cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin shawara. Likitan Kyuba Carlos Finlay ya faɗi haka tun 1881. Ɗaya daga cikin ayarin, Jesse Lazear, cutar ta kashe shi. Ci gaban labarin a Afirka ta Yamma ya faru: a 1927 aka ware ƙwayar cutar daga jinin wani mutumin ƙasar Gana ta yau mai suna Asibi, kuma daga wannan ƙwaya Max Theiler ya samar da rigakafin 17D a 1937. Ita ce allurar da ake rubutawa a katin rawaya na matafiya da alhazai har gobe. Theiler ya karɓi Nobel a 1951.

Eugène Jamot da ciwon barci a Kamaru

Labarin da ya fi kusa da gida shi ne na Eugène Jamot, likitan sojan Faransa da aka haifa a 1879 a yankin Creuse. Ya fara aiki a Cadi, ya shigo Kamaru tare da sojojin Faransa a yaƙin duniya na farko, sannan ya shugabanci cibiyar Pasteur ta Brazzaville daga 1916.

Ciwon barci ƙudan tsando ne ke ɗauke da shi, kamar yadda yake ɗauke da sammoren shanu. Yakan fara da zazzaɓi da kumburin kaluluwar wuya, ya kai ga ƙwaƙwalwa, barcin mutum ya rikice, in ba a yi magani ba ya mutu. Dabarar Jamot ita ce kada a zauna a asibiti ana jiran majinyaci, a bi shi har ƙauyensu. Ayarinsa kan tara mutanen gari gaba ɗaya, a lalubi wuyan kowa, a tsotsi ruwan kaluluwa da allura, a duba a madubin likita nan take, a rubuta sunan mai cutar a fara masa magani. Tsakanin 1917 da 1919, a Ubangi-Shari, wato Afirka ta Tsakiya ta yau, ayarinsa ya duba mutum kusan 90,000, ya gano masu cutar fiye da 5,000.

A 1922 ya kafa sansani a Ayos, bakin kogin Nyong, inda aka riƙa horar da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa. Cikin shekarun da suka biyo baya binciken ya kai Arewa, aka tarar da cutar a ƙauyukan bakin Logone da Shari, wajen Logone-Birni, a kan kogin da ya ratsa ta Yagwa. A 1926 gwamnatin Faransa ta kafa hukuma ta dindindin ta yaƙi da cutar a Kamaru, ta ba shi jagoranci, kuma cikin 'yan shekaru annobar ta ja baya ƙwarai.

Nasarar ta zo da tsada. Fitowa wurin dubawa dole ce, da umarnin hukuma da na sarakuna. A yankin Bafia wani matashin likita da ke ƙarƙashinsa ya ninka adadin maganin tryparsamide, ɗaruruwan mutane suka makance. Laifin ya faɗa kan Jamot, aka sauke shi a 1931, shekarar da aka gabatar da sunansa don kyautar Nobel. Ya ci gaba da aikin daga Wagadugu har 1935, ya koma gida ya rasu a Sardent a 1937.

Kyamara ta bi wannan aiki tun yana gudana. Fim ɗin Alfred Chaumel, Le Réveil d'une race, na 1930, ya ɗauki ayarin Jamot a bakin aiki, kuma ya zama tallan mulkin mallakar Faransa. Labarin rayuwarsa kuwa an yi shi a fim ɗin talabijin La Nuit africaine na Gérard Guillaume a 1990, inda Bernard Fresson ya fito a matsayinsa. Wanda ya fi son karatu, akwai littafin Moi, Jamot na 1987, na Léon Lapeyssonnie, likitan da ya zana taswirar yankin sanƙarau na Afirka a 1963, yankin da Arewacin Kamaru ke ciki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda suka lalubi wuya, suka zauna yini guda ido a kan madubi, suka yi allura, suka yi tafinta, suka ɗauki kaya a ka daga ƙauye zuwa ƙauye, 'yan Kamaru ne. Sunan Jamot yana kan asibiti da kan dutsen tunawa a Yawunde, nasu kuwa yawanci sai a takardun ajiya. Tsarin da ya bari ma ya sake yin ɓarna bayansa: a Nuwamban 1954, a yankin Yokaduma, allurar Lomidine da ake yi wa masu lafiya don kariya ta gurɓata, mutum 32 suka mutu. Masanin tarihi Guillaume Lachenal ya bi diddigin lamarin a littafinsa na 2014, Le médicament qui devait sauver l'Afrique.

Martanin ɗan Kamaru

Albert Schweitzer, wanda ya kafa asibiti a Lambarene ta Gabon a 1913, ya fi zama likitan mishan a kan mai bincike, amma finafinansa sun nuna yadda labari ke canzawa gwargwadon mai riƙe da kyamara. A Il est minuit, docteur Schweitzer na André Haguet, 1952, Pierre Fresnay ya fito da shi kamar waliyyi, 'yan Afirka kuwa majinyata ne kawai masu jiran taimako.

A 1995 Bassek Ba Kobhio, daraktan Kamaru da ya kafa bikin finafinai na Écrans Noirs a Yawunde a 1997, ya fitar da Le Grand Blanc de Lambaréné. André Wilms ya fito a matsayin Schweitzer. Fim ɗin bai musanta hidimar likitan ba, amma ya nuna mutumin da ya yi shekaru aru-aru a cikin jama'a bai koyi harshensu ba, bai kuma ɗauke su abokan shawara ba. A gefensa akwai yaro Koumba, wanda ya tashi da burin zama likita, ya tafi karatu ya dawo ya fuskance shi. Kallon finafinan biyu a jere darasi ne mai zaman kansa.

Yadda ya kamata a kalle su

Malamin makaranta ko na kwalejin jinya da ke son nuna wa ɗalibai ɗaya daga cikin finafinan zai iya tafiya da tambayoyi huɗu. Wa ya yi fim ɗin, a wace shekara, kuma wace gwamnati ko kasuwa yake yi wa hidima? Su wa suka yi aikin tare da jarumin, ina aka ajiye su a labarin? A jikin wa aka gwada maganin, an kuwa nemi yardarsa? Me ya faru da waɗanda gwajin bai yi musu kyau ba?

Tambaya ta uku ba ta tsufa ba. Ƙa'idar cewa ba a gwaji a kan mutum sai da saninsa da amincewarsa an rubuta ta ne a dokar Nuremberg ta 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964, bayan zamanin yawancin waɗannan jarumai. Mutanen Kano sun san abin da ke biyo baya idan aka yi zargin an taka ta: ƙurar da ta tashi kan gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996 tana cikin dalilan da aka kafa hujja da su wajen ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Rigakafi ya fi magani, amma ba ya tafiya sai da amanar jama'a, amana kuwa tana ƙaruwa ne idan an faɗi tarihin gaba ɗaya, daɗinsa da ɗacinsa.

Labaran da ke jiran masu fim

Yaƙin da Jamot ya faro ya kusa zuwa ƙarshe. Tun 2018 masu kamuwa da ciwon barci da ake samu a duniya ba sa kai 1,000 a shekara. A wannan shekarar ce hukumar magunguna ta Turai ta amince da fexinidazole, ƙwayar da ake haɗiya, bayan gwaje-gwajen da likitocin Kwango da Afirka ta Tsakiya suka gudanar a asibitocinsu. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Cadi, wadda ke tsallaken kogi daga Yagwa, ta kawar da cutar a matsayin barazana ga lafiyar al'umma.

Masu binciken Afirka da suka isa a yi fim a kansu suna nan. Akwai Farfesa Victor Anomah Ngu na Kamaru, wanda ya samu kyautar Lasker a 1972 saboda aikinsa kan maganin wata cutar daji ta yara da ake kira Burkitt, ya kuma riƙe ma'aikatar lafiya daga 1984 zuwa 1988. Akwai Farfesa Rose Leke, mai binciken zazzaɓin cizon sauro ga masu juna biyu, wadda ta daɗe a sahun gaba na yaƙi da shan-inna a Afirka. Akwai Jean-Jacques Muyembe na Kwango, wanda yana cikin likitocin farko da suka isa Yambuku lokacin ɓarkewar Ebola a 1976.

Najeriya ta riga ta gwada. Fim ɗin 93 Days na Steve Gukas, 2016, ya ba da labarin Dakta Stella Ameyo Adadevoh, wadda ta hana mai ɗauke da Ebola na farko fita daga asibiti a Legas a 2014, cutar kuma ta yi ajalinta. Bimbo Akintola ce ta fito a matsayinta, kuma fim ɗin ya ba ma'aikatan jinya da sauran likitocin asibitin wuri a cikin labarin, da sunayensu.